Cecil Hepworth da kamfaninsa na fim a Walton: tambayoyi da amsoshi

Wane ne Cecil Hepworth?

Baturen Ingila ne, darakta kuma mai shirya fim, ɗaya daga cikin mutanen da suka kafa sana'ar fim a Birtaniya. An haife shi a Landan ranar 19 ga Maris 1874, ya rasu ranar 9 ga Fabrairu 1953 a Greenford. Daga 1899 zuwa 1924 yana da kamfani a Walton-on-Thames, wani gari a bakin kogin Thames, kudu maso yammacin Landan. Duk finafinan kamfanin na zamanin fim marar magana ne. Wanda yake son fahimtarsa ya fara riƙe abu ɗaya: ma'aikacin inji da sinadari ne kafin ya zama mai ba da labari. Nasararsa ta farko daga nan ta fito, haka kuma wani ɓangare na faɗuwarsa.

Ta ina ya shigo harkar?

Gado ya yi. Mahaifinsa, T. C. Hepworth, sanannen mai lacca ne da majigin hotuna marasa motsi, irin wanda ake zura gilashi mai hoto a gaban fitila a haska a bango. Cecil ya tashi yana riƙe masa kayan aiki. Abu na farko da ya ƙera ya sayar fitilar lantarki ce ta majigi, wadda haskenta ke fitowa daga tsakanin sandunan gawayi biyu, mai aiki yana matso da su da hannu yayin da suke cinyewa. A Yuli 1896 ya taimaki Birt Acres, ɗaya daga cikin masu fim na farko a ƙasar, wajen nuna fim ga iyalan gidan sarauta a Marlborough House. Bayan haka ya sayi tsofaffin guntayen fim masu araha daga shagon Robert Paul, mai yin fim da sayar da shi, ya riƙa yawo gari gari yana haɗa su da hotuna marasa motsi da bayani. A 1897 ya fitar da littafinsa Animated Photography, littafi na farko a Birtaniya a kan yadda ake ɗaukar hoto mai motsi da nuna shi. Yana ɗan shekara 23 a lokacin.

Ana yawan ambaton injin wankin fim da ya ƙera. Mene ne amfaninsa?

Kafin injin, da hannu ake wanke fim. A ɗakin duhu za a naɗe tsirin a jikin firam na katako ko ganga, a tsoma a kwamin sinadarin da ke fito da hoto, a ɗauraye, a tsoma a na biyu mai tsayar da hoton don kada haske ya sake taɓa shi, a wanke da ruwa mai yawa, sannan a shanya. Matsalolin sanannu ne. Inda tsirin ya lanƙwasa a gefen katako sinadari ba ya kama shi daidai da sauran, sai a ga haske yana tashi yana sauka a allo. Firam ɗaya ya daɗe a kwami da 'yan daƙiƙoƙi fiye da na gaba, sai rabin fim ya fi rabi duhu. Ga yatsun ma'aikata, ga ƙura tana manne wa fim tun yana danye.

Injin Hepworth, wanda ya haɗa lokacin da yake aiki ƙarƙashin Charles Urban a kamfanin Warwick, yana jan tsirin ne bisa ƙafafu masu haƙora, ya bi ta cikin kwamoman ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa. Tsawon kwami da saurin injin su ke yanke tsawon lokacin da kowane hoto zai yi a cikin sinadari, saboda haka kwafi na ɗari yana fitowa kamar na farko. Bayan an sallame shi daga Warwick, da wannan ilimi ya buɗe nasa wurin, kuma wankin finafinan wasu ne ya fara riƙe kamfanin kafin nasa su fara kawo kuɗi.

Da me ya fara a Walton?

Da gidan haya a layin Hurst Grove, fam 36 a shekara, shi da ɗan'uwansa Monty Wicks. Daga sunayensu biyu aka haɗa tambarin Hepwix. Ɗakunan gidan suka zama wurin wanki da shanya da ofis. Dandalin wasa kuwa ɗan dakalin katako ne a bayan gida, a fili, domin rana ce kaɗai fitilar da ta isa. Sai bayan 'yan shekaru ya gina ɗakin ɗauka mai rufin gilashi, irin gilashin da ke warwatsa haske don kada inuwa ta yi kaifi a fuska, aka ƙara da fitilun lantarki saboda ranakun hazo. A 1904 kamfanin ya koma Hepworth Manufacturing Company. Sunan ma ya nuna yadda suke kallon kansu: masu ƙera kaya.

Kyamarar akwatin katako ce mai hannu. Mai ɗauka yana juya hannun sau biyu a daƙiƙa, kowane zagaye hoto 8, wato hoto 16 ke nan. Fim mai faɗin milimita 35 yana da hoto 16 a kowace ƙafa, don haka lissafin mai sauƙi ne: ƙafa ɗaya, daƙiƙa ɗaya. Fim mai ƙafa 50 bai cika minti ɗaya ba. Idan hannun mai ɗauka ya yi sanyi ya rage sauri, mutane za su riƙa gudu a allo, hoton kuma ya yi fari saboda haske ya daɗe yana shiga.

Yaya ake samun kuɗi da fim a lokacin?

Sayarwa ake yi da awo, kamar yadi. Kuɗin Ingila na lokacin irin wanda aka yi amfani da shi ne a Najeriya kafin naira ta zo a 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Farashin da aka saba shi ne sisi a kowace ƙafa. Fim mai ƙafa 50 sule 25 ke nan, ko an kashe masa dukiya ko ba a kashe ba. Mai majigi ya saya ya zama nasa, ya nuna a rumfar biki ko zauren waƙa har tsirin ya mutu, kamfani ba ya ƙara ganin ko anini. Wanda ya san zamanin da 'yan kasuwar kaset da faifai ke sayen fim a Kano zai gane tsarin: riba tana ga yawan kwafi, kuma wanda ya riga kaiwa kasuwa shi ke ci.

Shi ya sa jana'izar Sarauniya Victoria a Fabrairu 1901 ta tsayar da kamfanin da ƙafafunsa. Hepworth ya ajiye kyamarori a kan hanyar da gawar za ta bi, aka koma Walton ana buga kwafi dare da rana. A tarihin rayuwarsa ya ce ƙarar kyamararsa a cikin shirun taron ta ja hankalin sabon sarki, Edward na Bakwai, har ya dakatar da jerin gwanon a gabansa. Daga bakinsa labarin ya fito.

Yaya suke yin siddabarun da ake gani a finafinan 1900?

A Explosion of a Motor Car mota tana tafe sai ta fashe, ɗan sanda ya tsaya yana rubuta hannuwa da ƙafafun da ke faɗowa daga sama. Dabarar ita ce tsayar da kyamara. A kafe ta sosai, a ɗauki motar har ta iso wurin da aka yi wa alama, a daina juya hannu. Duk wanda ke cikin hoton ya daskare. A janye motar, a ajiye tarkace da abin hayaƙi a gurbinta, a ci gaba da ɗauka. Bayan wanki sai a yanke 'yan hotunan wurin tsayawa, domin sukan yi fari fat, a manne bakin biyu da ruwan liƙi. Abin da ke ɓata aikin: wani ya taɓa ƙafar kyamara, ko gajimare ya rufe rana tsakanin ɗauka biyu, ko ɗan wasa ya sauke hannu.

How It Feels to Be Run Over, shi ma na 1900, ya fi sauƙi kuma ya fi wayo. Mota ta nufo kyamara har ta cika allo, komai ya yi baƙi, sai rubutu ya riƙa walƙawa. Yana cikin finafinan farko da aka sa rubutu a tsakiyarsu.

Da gaske shi ya fara mayar da labarin Alice in Wonderland, littafin yara na Lewis Carroll, fim?

E, a 1903, tare da Percy Stow. Tsawonsa ƙafa 800, minti 12 zuwa 13, fim mafi tsawo da aka yi a Birtaniya zuwa lokacin. May Clark, ma'aikaciyar kamfanin, ita ta fito a Alice. Matar Hepworth, Margaret, ta fito a zomo da kuma sarauniya, shi kuma a kwaɗo. Kwafi ɗaya ne ya tsira, ya lalace sosai, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na fim ɗin ne a ciki. Cibiyar fim ta Birtaniya, BFI, ta gyara shi ta fitar a 2010.

Me ya sa ake ta maganar Rescued by Rover, fim ɗin kare?

Saboda yadda aka jera hotunansa. Labarin ba wani abu ba ne: mai reno ta shagala da hira da soja, wata mabaraciya ta sace jaririya, karen gidan ya gano inda take. An yi shi a 1905, Lewin Fitzhamon ya ba da umarni tare da Hepworth. Margaret ta rubuta labarin ta kuma fito a uwa, Hepworth a uba, 'yarsu Barbara ita ce jaririyar, karen kuma nasu ne, sunansa Blair. 'Yan wasa biyu kawai aka ɗauko daga waje, Sebastian Smith da matarsa, aka ba kowannensu sule 10 da sisi. Duka kuɗin da aka kashe fam 7 da sule 13 da kwabo 9.

A duba tafiyar karen da kyau. Ya tsallake taga. Ya biyo titi yana nufo kyamara. Ya sha kwana. Ya yi iyo ya haye rafi, ya girgiza jiki a gaban mai kallo. Ya bi jerin ƙofofi yana tura su ɗaya bayan ɗaya har ya dace da ta gaskiya. Sannan ya koma gida ta waɗannan wuraren dai, a juye, yanzu yana nisantar kyamara. Karo na uku ya jawo maigida, aka sake bin hanyar, sai dai a rafin maigidan ya shiga kwalekwale. An sauke kyamarar ƙasa daidai tsayin kare. Babu rubutun da ke bayani, amma mai kallo bai taɓa ɓata ba: ya san inda gida yake, ya san inda ɓarauniya take, ya san saura nawa a isa. A shekarun da yawancin finafinai ke kafe kyamara a gaban dandali ɗaya kamar ana kallon wasan kwaikwayo, wannan ci gaba ne na gaske. Dokar da duk mai tace fim ke bi yau, cewa wanda ya fita ta wani gefe dole ya shigo ta gefen da ya dace, ga ta nan a fili cikin kimanin minti bakwai.

An ce sau uku aka ɗauke shi. Me ya jawo?

Ciniki. An sayar da kwafi kusan 400. Kowane kwafi ana buga shi ne ta hanyar haɗa nagetif na asali, wato tsirin da ya fito daga kyamara, fuska da fuska da sabon fim, a ja su tare ta gaban fitila. Duk wucewa ɗaya haƙoran inji suna cin ramukan gefe, ƙura kuma tana jan layi a jikin hoton. Bayan wucewa ɗari da wani abu ramukan sukan yage, hoto ya fara rawa. A lokacin babu fim mai laushin da za a kwafi nagetif a kansa ba tare da hoton ya dushe ba. Mafita ɗaya ce: a tara mutane da kare a sake ɗauka daga farko, hoto bayan hoto. Sau biyu aka yi haka. Saboda haka kwafin da ake gani yau ba lallai su zama ɗauka ɗaya ba, kuma mai lura zai ga bambanci a bayan fage.

Duk finafinan kamfanin shi ya ba da umarninsu?

A'a, kuma nan mutane ke yawan kuskure. Stow ya riƙe finafinan siddabaru har ya tafi a 1904 ya kafa kamfanin Clarendon. Fitzhamon ya yi ɗaruruwan gajerun finafinai daga 1904 zuwa 1912, ciki har da farkon jerin barkwancin Tilly, inda Alma Taylor da Chrissie White suka yi suna tun suna 'yan mata. Thomas Bentley ya yi labaran marubuci Charles Dickens, Oliver Twist a 1912 da David Copperfield a 1913. Hay Plumb ya yi Hamlet, wasan kwaikwayon Shakespeare, a 1913 da babban ɗan wasan dandali Johnston Forbes-Robertson. Tsawon waɗannan shekaru Hepworth ya fi zama mai gida: kuɗi, injuna, ingancin hoto. Wajen farkon yaƙin duniya na ɗaya ne ya koma ba da umarni gadan-gadan.

'Yan wasansa ma'aikata ne na dindindin masu albashi, wanda ya fito a jarumi yau gobe yana iya fitowa a baran gida. Har suna yakan raɗa musu. Stewart Rome sunan kamfani ne, kuma da mutumin ya koma wani kamfani bayan yaƙi sai da aka yi shari'a a kan wa ke da sunan.

Mene ne Vivaphone?

Yunƙurinsa ne na haɗa hoto da murya, wanda ya yi kasuwa wajen 1910. A fara samun faifan garmaho na waƙa. A kunna shi, ɗan wasa yana motsa baki yana bin waƙar, ana ɗauka. A sinima kuma a kunna faifan tare da majigi. Wata allura mai aiki da lantarki tana karɓar sigina daga injunan biyu: idan suna tafiya daidai tana tsaye a tsakiya, idan ɗaya ya wuce ɗaya sai ta karkata ta buɗe fitila ja ko kore, mai majigi ya ƙara sauri ko ya rage. Rauninsa uku ne. Faifai ba ya wuce 'yan mintoci. Babu na'urar ƙara sauti, muryar ba ta cika babban zaure. Sannan in tsiri ya tsinke aka yanke hoto huɗu aka liƙe, daga nan har ƙarshe baki da murya sun rabu.

Me ya sa gobara ta yi yawa a wannan sana'a?

Saboda fim ɗin kansa. Da sinadarin naitiret ake yin tsirin, dangin abin fashewa. Yana kamawa da zafi kaɗan, yana samar wa kansa iskar da yake ci da ita, don haka ruwa ko bargo ba sa kashe shi, hayaƙinsa kuma guba ne. In tsiri ya maƙale a majigi gaban fitila na 'yan daƙiƙoƙi, ya kama. Kamfanin Walton ma ya yi gobara a 1907, ma'aikaci ɗaya ya rasu. Dokar sinima ta 1909 a Birtaniya tsoron wuta ne ya haife ta: ta wajabta lasisi, aka kuma ware majigi a ɗaki na dabam da ba ya cin wuta. Sai farkon shekarun 1950 aka daina yin fim da naitiret.

Wane irin salo ne nasa a manyan finafinai?

Kyan hoto da natsuwa. Yana son ƙauyukan Ingila, gonaki, tumaki, hasken rana na gaske. Ba ya son 'yan wasa su shafa kwalliya. Ya fi son hoto ya dushe zuwa baƙi sannan na gaba ya bayyana a hankali, maimakon yanka kai tsaye, kuma yakan tausasa gefunan hoton kamar zane a firam. Mai ɗaukar hotonsa Geoffrey Faithfull ya ƙware a wannan. Tansy na 1921 misali ne mai kyau. Aibin shi ne dushewar tana kashe gudu. Abin mamaki ne a ce kamfanin da ya koya wa mutane yanka mai sauri da karen nan shi ne bayan shekara 18 yake tafiyar hawainiya, alhali Amurkawa sun ɗauki darasin sun wuce da shi.

To me ya karya shi?

Masu cewa salo ne kawai sun faɗi rabin gaskiya. Alf's Button na 1920, fim ɗin barkwanci, ya yi kasuwa sosai, wato bai manta yadda ake faranta wa jama'a ba. Kasuwar ce ta canza a ƙarƙashinsa. Sayarwa da ƙafa ta mutu, haya ta maye gurbinta, dillalai suka shiga tsakanin mai fim da mai sinima. Lokacin yaƙin 1914 zuwa 1918 kamfanonin Amurka suka mamaye allunan Birtaniya. Suna mayar da kuɗinsu tun a gida saboda girman kasuwarsu, su kawo fim Ingila da arha. Kuma suna sayarwa a dunƙule: in mai sinima yana son fim ɗin babban tauraro, sai ya karɓi tarin wasu da bai ma gani ba. Ranakun sinimomi suka cika shekara guda ko fiye a gaba. Mai fim na gida ya gama aiki, ya biya albashi, sannan ya zauna jiran gurbi, kuɗinsa a kwance.

Cikin wannan hali Hepworth ya zaɓi faɗaɗawa. Ya sayi fili a Oatlands kusa da Walton don gina manyan ɗakunan ɗauka, ya nemi jama'a su sayi hannun jari, ba a saya yadda ake bukata ba. Ya zuba abin da ya rage a sake yin Comin' Thro' the Rye a 1923, labarin da ya taɓa yi a 1916. Ana tsakiyar aiki jarumin, Shayle Gardner, ya kwanta da taifot, aka yi ta jira ana kashe kuɗi. Fim ɗin ya fito da kyan hoto, amma bai ceci kamfanin ba. A 1924 aka naɗa wanda zai karɓi kadarorin kamfanin don biyan bashi. Ba shi kaɗai ba ne: a Nuwamban shekarar ɗakunan ɗaukar fim na ƙasar suka tsaya cik. Dokar da ta tilasta wa sinimomi nuna wani kaso na finafinan gida ta zo a 1927, shekara uku bayan ya fita.

Da gaske an narkar da finafinansa?

Da gaske ne. Hoton baƙi da fari ƙananan ƙwayoyin azurfa ne a cikin wani shafi mai kama da ƙaro a jikin tsirin. Ga mai biyan bashi, tsohon fim marar mai haya nauyin azurfa ne kawai. Aka sayar da nagetif na aikin shekara 25 aka narkar. Abin da ya tsira kwafi ne da suka watsu a hannun mutane da ma'ajiyoyi. Helen of Four Gates na 1920 an ɗauka ya ɓata har aka gano kwafinsa a wata ma'ajiyar fim a Montreal ta Kanada, aka nuna shi a 2010 a Hebden Bridge, yankin da aka ɗauke shi. Don haka duk hukuncin da ake yanke wa manyan finafinansa a kan 'yan kaɗan ake yanke shi.

Me ya yi bayan haka, kuma ina wurin yake yanzu?

Ya yi aiki a kamfanin National Screen Service yana haɗa tallan finafinai masu zuwa, ya kuma riƙa lacca a kan farkon sinima. A 1951 ya fitar da tarihin rayuwarsa, Came the Dawn. Archibald Nettlefold ya sayi wurin na Walton a 1926, aka ci gaba da yin fim a can har aka rufe a 1961 aka rushe. Ginin da injin wutarsa yake ciki ne ya rage, yau zauren wasan kwaikwayo ne mai ɗauke da sunansa, akwai kuma titin Hepworth Way a garin.

Ina za a kalli abin da ya rage?

Gajerun, irin su Rover da Alice da na motocin nan biyu, suna YouTube, kuma kwafin BFI sun fi tsabta. A kula da sauri: fim ɗin da aka ɗauka a hoto 16 a daƙiƙa in aka kunna shi a 24 kowa zai riƙa zabura kamar an tsikare shi. Ga Rover mai ƙafa 425, kwafin da ya ƙare a ƙasa da minti biyar an yi masa gudu ko an yanke shi. Kiɗan da ke kai kuma na baya ne, domin a zamaninsa mai piyano ne a zauren yake bin hoton da abin da ya ga ya dace.